Yadda Za A Kare Jijiyar Gani Daga Ƙishin Jini Tun Gilakoma Tana Farko-farko

Kawuna ya yi fiye da shekara talatin yana ɗinki a Kasuwar Barci, kuma har ranar da na raka shi asibiti da kansa yake zura zare a allura, ba ya neman yaran shago su taimaka masa. A bakin titi abin ya fara ba mu tsoro. Wata rana da la'asar muna tsallakawa a Tudun Wada, mai keke ya taho ta hagunsa, kowa ya gan shi ban da Kawu, sai da na fizgo hannun rigarsa. Bayan haka ne matarsa ta ce ai ya daɗe yana bugun bakin ƙofa da kafaɗa, kuma idan ta ajiye masa kofin shayi a gefe sai ya lalubo shi ko ya ture shi. Watanni kafin wannan rana ya taɓa shiga wani shagon tabarau, aka hura masa iska a ido da wata na'ura, lamba ta nuna 17, aka ce masa: "Baba, idonka lafiya lau, ba ka da hawan jinin ido." Ya sayi gilashin karatu ya dawo gida da kwanciyar hankali, alhali jijiyar ganinsa tana ta zagwanyewa.

Sunan da muka ba wannan cuta da Hausa shi ne ya fara ɓatar da mutane. Muna ce wa gilakoma hawan jinin ido, amma abin da yake hawa a cikin ido ba jini ba ne. Wani ruwa ne garai-garai wanda ido yake samarwa dare da rana, ya zagaya gaban ƙwayar ido, sannan ya fita ta wata matata ƙanƙanuwa da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da farinsa. Idan matatar ta fara toshewa sai ruwan ya taru, matsinsa ya ƙaru. A wajen yawancin masu lafiya wannan matsi yana tsakanin 10 da 21. Sai dai cutar kanta lalacewar jijiyar gani ce, kuma mutum yana iya samun wannan lalacewa ko da lambarsa ba ta taɓa wuce 21 ba. Manyan binciken da aka yi a cikin al'umma, kamar wanda aka yi a birnin Baltimo na Amurka, sun nuna cewa kusan rabin masu gilakoma lambarsu daidai take a ranar da aka fara auna su. Saboda haka duk wanda aka auna masa matsin ido kaɗai aka sallame shi, an yi masa rabin bincike ne.

Jijiyar gani tana fita ne daga bayan ƙwayar ido ta nufi ƙwaƙwalwa, kuma a cikinta akwai zaruruwa kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kowanne yana ɗauke da saƙon wani ɗan yanki na abin da ido ya gani. A daidai inda suke barin ido, zaruruwan suna bi ta wani faifai mai huji-huji kamar rariya, kuma nan ne wurin da ya fi rauni. Jinin da yake ciyar da wannan wuri yana zuwa ne daga babbar jijiyar jini ta wuya, ya shiga reshen da yake zuwa ido, daga nan ya rarrabu cikin wasu ƙananan rassa masu siririn gaske da suka kewaye kan jijiyar. Domin jinin ya shiga, dole ƙarfin da yake turo shi ya rinjayi matsin da ke cikin ido. Wanda ya taɓa zama a gidan bene a Unguwar Rimi ko Malali ya san wannan: idan ruwan famfo ya zo da ƙarfi yana hawa sama, idan ƙarfin ya ragu sai na ƙasa su samu, na sama su buɗe famfo su ji iska. Kan jijiyar gani shi ne ɗakin saman benen. Yana iya rasa jini saboda matsin cikin ido ya yi yawa, yana kuma iya rasawa saboda ƙarfin jinin jiki ya yi ƙasa, kuma sau da yawa abubuwan biyu ne suke haɗuwa.

Akwai wani lissafi na kusa-kusa da masu bincike suke yi, wanda kowa zai iya gwadawa. Idan aka auna jinin mutum ana ba shi lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. A ɗauki ta ƙasan a debe lambar matsin ido daga cikinta. Mai lambar ƙasa 80 da matsin ido 16 yana da rarar 64, wadda take wadatacciya. Amma jinin yawancin mutane yana sauka da dare, galibi da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, matsin ido kuma yana ɗan ƙaruwa idan mutum ya kwanta. Idan wannan mutumin ya haɗiyi ƙwayoyin hawan jini guda biyu ko uku lokacin kwanciya har lambarsa ta ƙasa ta faɗo 50 a tsakiyar dare, matsin idonsa kuma ya kai 20, rarar ta koma 30. Binciken Baltimo ya gano cewa waɗanda rararsu ta gaza 30 sun fi waɗanda tasu ta kai 50 yawan gilakoma da kusan ninki shida. Binciken da aka yi shekara da shekaru ana bin mutane a tsibirin Barbados, inda mafi yawan jama'a asalinsu 'yan Afirka ta Yamma ne kamar mu, shi ma ya nuna cewa masu ƙarancin wannan rara sun fi kamuwa da cutar daga baya.

Lafiyayyun jijiyoyin jini suna da dabarar kare kansu, domin idan ƙarfin jini ya ragu sai su buɗe su ƙara faɗi, jinin da yake isa jijiyar gani ya ci gaba da isa kamar yadda ya saba. Hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi ba, da ciwon suga, da shan taba, da tsufa, duk suna sa bangon jijiyoyin ya yi tauri har ya kasa wannan buɗewa. Shi ya sa hawan jini yake cutar da jijiyar gani ta fuska biyu: barinsa ba magani yana lalata hanyoyin jinin, saukar da shi fiye da kima, musamman cikin dare, yana hana jini bin hanyoyin da suka riga suka lalace.

Wajibi ne in faɗi wata gaskiya a nan, domin akwai masu cin kasuwa da wannan magana. Masana har yanzu suna muhawara a kan wanne ne yake fara zuwa: ko raguwar jini ce take kashe zaruruwan jijiya, ko kuwa zaruruwan ne suke mutuwa sannan jinin ya ragu tunda masu shan sa sun ragu. Na'urorin zamani da suke ɗaukar hoton ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido ba tare da allura ba sun nuna cewa jijiyoyin jinin da ke kewaye da kan jijiyar gani sun riga sun fara ƙaranci tun cutar tana matakin farko. Duk da haka, magani ɗaya tilo da aka tabbatar yana rage saurin gilakoma shi ne rage matsin cikin ido, ko da lambar mutum daidai take tun farko. Wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 1998 a kan masu gilakoma mai matsi daidai ya nuna cewa rage matsin da kashi 30 cikin ɗari yana rage ci gaban cutar sosai. Don haka duk mai tallan garin magani ko ƙwayar ƙarin lafiya da ya ce zai wanke jijiyar ido ya dawo da gani, kuɗin mutum kawai zai ci. Zaren jijiyar da ya mutu ba ya dawowa, abin da ake fafutuka a kai shi ne waɗanda suka rage.

Matakin farko shi ne mutum ya san ko yana cikin waɗanda ya kamata su je a duba su tun ba su ji komai ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kimanin mutum biyar cikin ɗari suna da gilakoma, ɗaya cikin biyar daga cikinsu ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da cutar ba su kai shida cikin ɗari ba. Ita ce ta biyu wajen makantar da mutane a ƙasar nan bayan yanar ido, da bambancin cewa mai yanar ido ana yi masa aiki ya gani. A wurin baƙar fata cutar tana farawa da wuri kuma tana tafiya da sauri. Duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a duba masa jijiyar gani a kowace shekara ɗaya ko biyu, wanda kuma mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko wani ɗan'uwansa na ciki ɗaya yake da cutar, kada ya jira 40, ya fara tun yana cikin shekarunsa na talatin. Idan a gidanku akwai dattijon da aka ce idonsa ya mutu a tsaye, wato ido fari tas ba yana ba hakiya amma ba ya gani, to a ɗauka gilakoma ce har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Mu mutanen Kaduna ba mu da uzurin nisa. Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1979, tana nan cikin garinmu a gefen hanyar baifas ta Nnamdi Azikiwe, kuma daga jihohi masu nisa ake zuwa mata. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, akwai kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. A watan Maris na kowace shekara ana yin makon gilakoma na duniya, kuma lokaci ne mai kyau na sauraron sanarwar duba ido a rediyo. Wanda zai je ya yi sammako, ya tafi da ɗan rakiya, kuma kada ya tuƙa mota ko babur da kansa, domin ana iya ɗiga masa maganin da yake buɗe ɗan baƙin ido, wanda yake sa gani ya yi hazo, hasken rana kuma ya dame shi na wasu awanni.

A gaban likita, abu na farko da za a roƙa shi ne a leƙa kan jijiyar gani kanta. Likita yana ganinta da fitilarsa kamar ɗan faifai mai ruwan hoda da rami a tsakiya, kuma yadda ramin yake faɗaɗa, da yadda bakin faifan yake sirancewa, su ne alamar zaruruwan da suka tafi. Wani lokaci yakan ga ɗan ɗigon jini siriri kamar tsinke a bakin faifan, wanda marar lafiya ba ya jin sa ko kaɗan, amma yana nuna cewa cutar tana tafiya, kuma an fi ganinsa a masu gilakoma mai matsi daidai. Sai awon faɗin gani, inda mutum yake sa haɓarsa a cikin wata na'ura mai kama da ƙwarya, ya kafa ido a kan ɗigon haske na tsakiya, ya riƙa danna maɓalli duk lokacin da wani haske ya ƙyafta a gefe. Kawu ya ɓata awonsa na farko domin yana ta juya ido yana farautar hasken, sai ma'aikaciyar ta ce masa: "Baba, kada ka bi shi, ka bar shi ya zo ya same ka, wanda ba ka gani ba shi muke nema." Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya, kuma awo na biyu da na uku sukan fi na farko inganci. A inda ake da na'urar OCT, ana ɗaukar hoton kaurin zaruruwan jijiya, wanda yake iya nuna asara tun kafin awon faɗin gani ya nuna. Yana da kyau kuma a auna kaurin fatar gaban ido mai haske, domin idan siririya ce na'ura takan ba da lambar matsi ƙasa da gaskiyarta, kuma baƙar fata galibi tasu ta fi ta Turawa siranta. A nemi kwafin kowane sakamako a adana shi a cikin jaka ɗaya, domin gilakoma ba a gane tafiyarta sai an jera takardar bana kusa da ta bara.

Inda marar lafiya yake da babban aiki shi ne labarin da zai ba likita, domin yawancin alamun ƙishin jini, wato ƙarancin jinin da yake isa jijiyar gani, ba a cikin ido ake ganinsu ba. A je da duk magungunan da ake sha a cikin kwalayensu, a faɗi lokacin da ake shan kowanne. A faɗa idan ana jin jiri ko duhu-duhu lokacin tashi daga shimfiɗa domin sallar asuba. A faɗa idan ana fama da ciwon ɓarin kai, ko kuma hannuwa da ƙafafu suna yin sanyi ƙalau har yatsu su yi fari lokacin hunturu alhali na kusa ba su ji sanyin haka ba, domin wannan yana nuna jijiyoyin jinin mutum masu saurin tsukewa ne, kuma an fi samun hakan a mata da marasa jiki masu saukar jini. Mace ta faɗa idan ta taɓa zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har aka yi mata ƙari, namiji ya faɗa idan ya taɓa haɗarin da ya zubar da jini har ya suma, domin faɗuwar jini irin wannan tana iya barin tabo a jijiyar gani wanda yake kama da gilakoma. Mai sikila da mai ciwon suga su ma su faɗa. Sannan a tambayi wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi game da minshari. Mutumin da yake minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya farka da shaƙewa, da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi, iskar da ke cikin jininsa tana raguwa sau da dama a kowane dare, kuma an daɗe da lura cewa wannan matsala tana tafiya tare da gilakoma. Mazajenmu ba su son a yi zancen minsharinsu a gaban baƙo, amma likita yana bukatar ya ji.

A wajen Kawu, a nan aka kama bakin zaren. Ƙwayoyin hawan jini iri uku yake sha, kuma duka ukun bayan sallar isha'i yake haɗiye su, domin a cewarsa da safe yana sauri ya buɗe shago, mantawa yake yi. Likitan ido bai canza masa komai da kansa ba, takarda ya rubuta zuwa ga likitan da yake duba jininsa, shi kuma ya sake tsara masa lokutan sha. Wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma ina roƙon mai karatu da babbar murya kada ya daina maganin hawan jini ko ya rage shi da kansa saboda abin da ya karanta a nan, domin shanyewar ɓarin jiki ta fi kusa da mai hawan jinin da ya ajiye magani. Abin da za a yi shi ne a tambayi likita ko za a iya mayar da maganin safe. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum fiye da dubu 21, wanda aka fitar a 2022, ya nuna cewa shan maganin hawan jini da safe ko da dare bai bambanta ba wajen kare mutum daga bugun zuciya da shanyewar jiki, don haka ga mafi yawan mutane akwai damar zaɓi. Wanda yake da na'urar awon jini a gida ya auna da safe, da yamma, da lokacin kwanciya, da kuma lokacin da ya farka kafin asuba, na tsawon mako ɗaya ko biyu, ya rubuta a littafi ya kai wa likitocin biyu. Akwai kuma na'urar da ake ɗaura wa mutum ta yini ta kwana tana aunawa da kanta, kuma ita ce ta fi nuna abin da yake faruwa cikin barci.

Idan aka rubuta maganin ɗigawa, to ya zama abokin zama na har abada, kuma yadda ake ɗiga shi yana da muhimmanci kamar maganin kansa. A wanke hannu, a ɗaga kai sama, a ja fatar ido ta ƙasa da yatsa har ta yi ɗan aljihu, a ɗiga ɗigo ɗaya tak ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba. Sai a rufe ido a hankali, a danna kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu. Wannan dannawa tana toshe hanyar da hawaye suke bi su sauka hanci da maƙogwaro, don haka maganin yana zama a ido, kaɗan ne yake shiga jini. Ga mai amfani da maganin ɗigawa mai suna timolol wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan ya shiga jini yana rage bugun zuciya, yana iya saukar da jini, yana kuma tayar da asma, shi ya sa mai asma ko mai ciwon zuciya dole ya faɗa kafin a rubuta masa shi, mai saukar jinin dare kuma ya tambayi likita ko ɗigon yamma ya dace da shi. Wani maganin kuma mai suna latanoprost sau ɗaya ake ɗiga shi, da dare. Kwalbar da ba a buɗe ba galibi a firji ake ajiye ta, wadda aka buɗe kuma a wuri mai sanyi nesa da rana, kuma da zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, aljihun mota ko bakin taga ba wurin ajiye ta ba ne. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa kwalbar a cikin ɗan gwangwani mai murfi a ajiye a gindin randa. Idan magungunan biyu ne, a bar aƙalla minti biyar tsakaninsu. A sayi sabuwar kwalba tun tsohuwar ba ta ƙare ba, kuma a saya a kantin magani mai rajista.

Matsalar da ta fi kowace yawa ita ce maganin ba ya sa mutum ya ji sauƙin komai, wani lokaci ma yaji yake yi, ido ya yi ja, ga kuma tsada kowane wata. Sai mutum ya ce ya yi wata uku yana ɗigawa ganinsa bai ƙaru ba, ya ajiye. Aikin maganin shi ne ya riƙe ganin da ya rage, kuma shaidar cewa yana aiki ita ce takardar awon bana ta yi daidai da ta bara. Wanda ya ga ba zai iya jure kuɗin ba, ko ya san kansa da mantuwa, ya faɗa wa likita gaskiya, domin akwai aikin leza da ake yi wa matatar ido cikin mintuna kaɗan ba tare da yanka ba, akwai kuma tiyatar da ake buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Mutanenmu suna tsoron tiyatar gilakoma saboda sun ga wanda aka yi wa bai gani ba, amma mafi yawan irin waɗannan sun je ne bayan jijiyar ta kusa ƙarewa. Ga wanda yake zaune nesa da asibiti kuma samun magani yake yi masa wuya, tiyata da wuri sau da yawa ita ce zaɓin da ya fi tsare masa ido.

Azumin Ramadan yana bukatar shiri tun Sha'aban. Malamai sun yi saɓani a kan maganin ɗigawa da rana: da yawa daga cikin malaman zamani suna ganin ba ya karya azumi, a mazhabar Malikiyya kuma abin lura shi ne ko ya isa maƙogwaro. Mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya kuma tambayi likita ko za a iya tsara ɗigon ya faɗo lokacin sahur da bayan buɗa-baki, ko a mayar da shi kan mai sau ɗaya da dare. Abin da bai kamata ba shi ne a ajiye kwalba wata guda cur. Wajen buɗa-baki kuma a sha ruwa kaɗan-kaɗan, domin kwankwaɗar lita guda cikin 'yan mintuna tana ɗaga matsin ido na wani lokaci, kuma mai shan maganin hawan jini ya sake zama da likitansa a kan lokutan sha, tunda a azumi kowa yakan tattara magungunansa ya mayar da su dare.

Sauran abubuwan na yau da kullum ne. Tafiya da ƙafa da ɗan sauri na kusan rabin awa a mafi yawan kwanakin mako tana taimakon jijiyoyin jini, tana kuma ɗan rage matsin ido. A bar taba. A riƙe suga inda likita ya ce. A guji kwana rub-da-ciki ido yana danne a matashi ko a dantse, kuma ɗaga kai kaɗan da matashi ya fi kwanciya shimfiɗe. Akwai abu ɗaya da nake so iyaye su riƙe da kyau: magungunan ɗigawa masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, waɗanda ake saya a kemis idan ido yana ƙaiƙayi ko ya yi ja lokacin ƙurar hunturu, suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yawan amfani da su na makonni yana ɗaga matsin ido a wajen mutane da dama, har da yara, kuma yana iya jawo gilakoma ga wanda ba shi da ita. Kada a ɗiga su sai da takardar likita da adadin kwanakin da ya yanka. Idan kuwa ido ya tashi da ciwo mai tsanani farat ɗaya, ya yi ja, gani ya dushe, ana ganin bakan gizo kewaye da fitila, ga amai da ciwon kai, wannan wani nau'in gilakoma ne na gaggawa, kuma a ranar ake zuwa asibiti.

Idon Kawu na hagu ya riga ya rasa mafi yawan ganinsa na gefe, na dama kuwa an same shi da saura mai yawa. Yanzu kwalbar maganinsa tana cikin wani tsohon gwangwanin shayi a gindin randar matarsa, littafin awon jininsa kuma yana cikin aljihun keken ɗinki tare da almakashi da alli. Ranar da aka tabbatar masa da cutar, likita ya tambaye shi 'yan'uwa nawa gare shi da 'ya'ya nawa da suka haura talatin, ya ce a kawo su duka. Mu tara muka je cikin makonni biyu, ni ne na ƙarshe saboda ina ta cewa aiki ya yi mini yawa, har sai da ya kira ni a waya ya ce: "Ɗana, ni da na ce idona lafiya lau ka ga inda na tsaya, gobe ka je." An sami ƙanwarsa, Gwaggo, da cutar a matakin farko, matsin idonta 18, kuma ta fara ɗiga magani tun ba ta taɓa bugun bakin ƙofa ba. Ni an ce in dawo bayan shekara, kuma katin yana cikin jakar da nake ajiye takardun gida.